Katangar Bakin Ƙofa da ta Cikin Ɗaki: Tarihin Muhawarar Rauta da Manhaja Wajen Kare Kwamfutar Gida, 1988–2024

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin hanyoyi biyu da aka bi wajen kare kwamfutar gida daga kutsen da ke zuwa ta intanet. Ta farko ita ce katangar tsaro da ke cikin rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet ga na'urorin gida. Ta biyu kuwa ita ce wadda ake girkawa a matsayin manhaja a cikin kwamfutar kanta. An bi matakan tarihin daga tsutsar Morris ta 1988 zuwa dokar Birtaniya da ta fara aiki a 2024. Maƙalar ta gano cewa abin da ya fi yanke hukunci a kan tsaron talakan mai kwamfuta shi ne yanayin da na'ura ko manhaja ta iso hannunsa daga masana'anta, a kunne ko a kashe, da kuma samuwar mai ci gaba da kula da ita. Fifikon fasahar wannan katanga a kan waccan ya biyo baya ne.

Fitilun Kalmomi: katangar tsaro, rauta, manhaja, tsutsar kwamfuta, musayar adireshi

1.0 Gabatarwa

A ranar 11 ga Agusta, 2003, masu amfani da Windows XP a ƙasashe da dama suka fara ganin wani saƙo a fuskar kwamfutocinsu yana sanar da su cewa na'urar za ta kashe kanta cikin daƙiƙa 60. Ba su buɗe wata wasiƙa ba, ba su sauke wani fayil ba. Haɗuwa da intanet kawai ta isa. Tsutsar da aka laƙaba wa suna Blaster ce ke zagaya adireshin jama'a tana ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 135, duk inda aka amsa mata sai ta shige.

Abubuwa biyu ne suka ja hankalin masu nazari a wannan lamari. Na farko, gidajen da suka sayi rauta domin kwamfutoci biyu ko uku su raba layi guda galibinsu sun tsira, alhali yawancin masu gidajen ba domin tsaro suka saye ta ba. Na biyu, kowace Windows XP da ta kamu tana ɗauke da katangar tsaro a cikinta wadda da ta tare tsutsar, sai dai an sayar da ita a kashe. Daga wannan zamani ne tambayar nan ta yi ƙarfi a tsakanin masu kwamfuta: shin rauta ta wadatar, ko kuwa sai an haɗa da manhaja? Manufar wannan maƙala ita ce gano inda tambayar ta samo asali, da yadda amsarta ta riƙa sauyawa.

2.0 Ma'anar Katangar Tsaro

Sunan da Turawa suka ba wannan fasaha aro ne daga magina, kuma ma'anarsa ita ce bangon da ake ginawa domin hana gobara tsallakawa daga wani sashen gini zuwa wani. A wannan maƙala za a kira ta katangar tsaro. Bayanai a intanet suna tafiya ne cikin ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshin inda ya fito, da inda za shi, da lambar ƙofar da yake nema a jikin kwamfutar da zai sauka. Irin waɗannan ƙofofi sun haura 65,000. Aikin katangar tsaro shi ne duba kowane ƙunshi, ta gwada shi da ƙa'idojin da aka gindaya mata, sannan ta bar shi ya wuce ko ta yar da shi. Aikin ya yi kama da na sarkin ƙofa a biranen da ke da ganuwa, wanda ke lura da mai shiga da mai fita. Bambancin hanyoyin biyu da ake muhawara a kansu ya ta'allaƙa ne ga inda mai gadin yake zaune: a zauren gida, ko a bakin kowane ɗaki.

3.0 Daga Amana zuwa Ganuwa, 1969–1994

Cibiyar ARPANET, wadda ta fara aiki a Amurka a 1969, ta haɗa jami'o'i ne da cibiyoyin bincike waɗanda ma'aikatansu suka san juna. Da aka koma tsarin TCP/IP a ranar 1 ga Janairu, 1983, an tafi a kan ra'ayin da Saltzer da Reed da Clark suka yi fice wajen bayyanawa, cewa aikin hanyar sadarwa shi ne isar da saƙo kawai, sauran hukunci kuma a bar wa kwamfutocin da ke ƙarshen layi. A bisa wannan ra'ayi, kowace kwamfuta tana iya kiran kowace kwamfuta kai tsaye, kuma tsaron kowacce yana wuyanta.

Wannan amana ta girgiza a ranar 2 ga Nuwamba, 1988, lokacin da Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta. An ƙiyasta cewa ta kama kwamfutoci kimanin 6,000, wato wajen kashi ɗaya cikin goma na waɗanda ke haɗe a lokacin. A cikin watan ne aka kafa cibiyar ba da agajin gaggawa ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon. Darasin da masu kula da cibiyoyi suka ɗauka shi ne gyara ɗaruruwan kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya abu ne mai wuya, tsare ƙofa guda da duk suke bi kuwa abu ne mai yiwuwa.

A 1989 Jeffrey Mogul na kamfanin DEC ya wallafa bayanin hanyar tace ƙunshin bayanai a mashigar cibiya. A 1990 Bill Cheswick na Bell Labs ya bayyana mashigar da suka gina, kuma shi da kansa ya siffanta tsarin da abu mai ɓawo mai tauri amma cikinsa taushi, domin duk abin da ya tsallake katangar ba zai tarar da wani shinge ba. Marcus Ranum ya yi aiki a kan DEC SEAL, ɗaya daga cikin katangun farko da aka sayar, sannan a 1993 aka saki kayan aikin TIS waɗanda kowa ke iya ɗauka. A 1994 kamfanin Check Point na Isra'ila ya fito da FireWall-1, wadda ta yaɗa dabarar riƙe tarihin kowace hira, ta yadda katanga za ta bambance amsar da aka nema daga baƙon da ba a gayyata ba. A shekarar ce kuma Cheswick da Steven Bellovin suka wallafa littafinsu a kan katangun tsaro. Duk wannan aiki an yi shi ne domin kamfanoni da jami'o'i. Mai kwamfuta a gida, wanda ke kira ta layin tarho na 'yan mintuna sannan ya katse, bai shiga lissafi ba tukuna.

4.0 Ƙarancin Adireshi da Haihuwar Rautar Gida, 1994–2003

Tsaron da rautar gida ke bayarwa ya samo asali ne daga wata matsala da ba ta shafi tsaro ba. Tsarin adireshi na IPv4 yana da gurabe kimanin biliyan 4.3 ne kacal, kuma tun farkon shekarun 1990 injiniyoyi suka hango ƙarewarsu. A watan Mayun 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka gabatar da takardar RFC 1631, inda suka bayyana musayar adireshi, wadda aka fi sani da NAT, a matsayin maganin wucin gadi. Dabarar ita ce kwamfutoci da yawa su yi amfani da adireshin cikin gida, amma idan za su fita duniya sai su fita da adireshi guda na na'urar da ke bakin ƙofa. A 1996 takardar RFC 1918 ta keɓe rukunin adireshin cikin gida, ciki har da wanda ke farawa da 192.168, wanda ake gani a yawancin gidaje har yau.

Ga yadda tsaro ya shigo ta bayan fage. Idan kwamfutar cikin gida ta nemi wani shafi, rauta takan rubuta wannan buƙata a jadawalinta, domin idan amsa ta dawo ta san wanda za ta miƙa wa. Idan kuwa ƙunshi ya zo daga waje ba tare da wani a ciki ya neme shi ba, babu abin da ya dace da shi a jadawalin, saboda haka rautar ba ta san inda za ta kai shi ba, sai ta yar. Rashin sanin inda za a kai baƙo shi ya zama katanga.

A ƙarshen shekarun 1990 layukan DSL da na kebul suka fara shiga gidaje a Amurka da Turai da Gabashin Asiya. Wannan ya sauya al'amari ta fuska biyu: kwamfuta ta koma kwana a haɗe da intanet, kuma kamfanonin sadarwa suna ba kowane gida adireshi ɗaya ne. Kamfanoni irin su Linksys da Netgear da D-Link suka cika kasuwa da ƙananan rautoci masu araha. Linksys ta fitar da WRT54G mai Wi-Fi a watan Disambar 2002, kuma a 2003 Cisco ta sayi kamfanin a kan dala miliyan 500. Abin da mai gida ya biya kuɗi dominsa shi ne raba layi. Katangar kuwa gyara ce aka ɗora masa, kuma tana aiki tun daga lokacin da ya jona na'urar, ba tare da ya taɓa wani maɓalli ba.

5.0 Katangar Cikin Kwamfuta, 1998–2007

Ita rauta tana ganin adireshi da lambar ƙofa ne kawai. Ba ta san wace manhaja ce a cikin kwamfuta ke magana ba, kuma duk abin da ya fito daga ciki takan ɗauke shi a matsayin halattacce. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. A 1998 ƙungiyar Cult of the Dead Cow ta saki Back Orifice, sannan NetBus da Sub7 suka yaɗu. Waɗannan manhajoji ne da ake yaudarar mutum ya girka da hannunsa, daga nan sai wani ya riƙa sarrafa kwamfutarsa daga nesa. A watan Mayun 2000 ƙwayar ILOVEYOU ta zagaye duniya ta wasiƙar imel, hanyar da mai kwamfuta da kansa yake buɗe wa ƙofa.

Wannan giɓi ne katangun manhaja irin su ZoneAlarm da BlackICE Defender da Norton Personal Firewall suka zo cikewa. Kasancewar tana zaune a cikin kwamfutar, irin wannan katanga tana iya gane manhajar da ke neman fita, ta tambayi mai ita ko ya amince. ZoneAlarm, wadda ake bayarwa kyauta ga mai amfanin gida, ita ta fi yaɗa wannan salo. Haka nan katangar manhaja tana bin kwamfutar tafi-da-gidanka duk inda ta je, otal ko filin jirgi, inda rautar gida ba ta da ikon kare ta.

Sai dai raunin wannan hanya bai daɗe a ɓoye ba. Tambayoyin da katangar ke jefo wa mutum suna ɗauke da sunayen fayiloli da lambobin da bai fahimta ba, kuma da yawan mutane sun saba da danna amincewa domin su ci gaba da aikinsu. Muguwar manhajar da ta sami cikakken iko a kan kwamfuta tana iya kashe katangar kafin ta fara ɓarna, tunda gida ɗaya suke zaune. A watan Maris na 2004 kuma tsutsar Witty ta nuna cewa katangar kanta ƙofa ce: ta shiga ne ta wani kuskure a cikin BlackICE da 'yan'uwanta na kamfanin ISS, ta kama kwamfutoci kimanin 12,000 cikin ƙasa da awa guda, tana lalata bayanan da ke kan faifansu. Waɗanda suka fi kowa himmar kare kansu su ne suka kamu.

Babban sauyi ya zo ne daga Microsoft. Windows XP, wadda ta fito a watan Oktoban 2001, tana da katanga a ciki amma a kashe, domin gudun kada ta hana wasu manhajoji aiki. Kamfanin ya fitar da facin da ke toshe hanyar Blaster tun ranar 16 ga Yuli, 2003, kusan mako huɗu kafin tsutsar ta bayyana, amma mutane da yawa ba su girka shi ba. A ƙarshen Afrilun 2004 tsutsar Sasser, wadda wani matashi Bajamushe ya rubuta, ta maimaita irin wannan ɓarna ta ƙofa mai lamba 445. A watan Agustan 2004 aka saki babbar sabuntawa ta biyu ta Windows XP, wadda ta zo da katangar a kunne. Fasahar ba sabuwa ba ce, matsayin maɓallin ne ya sauya, kuma daga nan zamanin tsutsotsin da ke afka wa kwamfutar gida kai tsaye ya fara ja da baya. Windows Vista ta 2007 ta ƙara ikon tace abin da ke fita, tare da bambance cibiyar gida da ta bainar jama'a.

6.0 Lokacin da Mai Gadi Ya Zama Abin Farauta, 2006–2024

Da kwamfuta ta yi wuyar shiga, sai hankalin masu kutse ya koma kan rautar kanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke jikin rautar gida iri uku ce. Ta farko, ana sayar da dubban na'urori da kalmar sirri iri ɗaya wadda masu saye ba sa sauyawa. Tun a 2006 Stamm da Ramzan da Jakobsson suka nuna cewa shafin intanet kawai yana iya amfani da wannan ya sauya saitin rautar mai ziyara, ya karkatar da shi zuwa shafukan bogi. Ta biyu, tsarin UPnP, wanda ke bai wa na'urorin gida damar buɗe wa kansu ƙofa a jikin rauta ba tare da an tambayi kowa ba, yakan zo a kunne. Wani bincike da kamfanin Rapid7 ya fitar a Janairun 2013 ya gano miliyoyin na'urori da ke amsa irin wannan kira daga waje. Ta uku, kwamfuta takan sabunta kanta a kai a kai, rauta kuwa takan shekara biyar ko fiye a saman kabad ba wanda ya waiwaye ta, har masana'anta ta daina fitar mata da faci.

Sakamakon ya bayyana a 2016. Manhajar Mirai, wadda ke gwada kalmomin sirri kusan 60 na masana'anta, ta tara rundunar kyamarori da rautoci, kuma a ranar 21 ga Oktoba aka yi amfani da irin wannan runduna wajen afka wa kamfanin Dyn, lamarin da ya hana shiga Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka na tsawon sa'o'i. A watan Nuwamba wani reshen Mirai ya durƙusar da rautoci kimanin 900,000 na abokan cinikin Deutsche Telekom a Jamus. Ɗan Birtaniyan da ke bayan wannan reshe an ɗaure shi a Landan a Janairun 2019 saboda harin da ya kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya. A watan Mayun 2018 masu bincike na Cisco Talos suka bayyana VPNFilter, wadda ta kama na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, har hukumar FBI ta roƙi jama'a da su kashe rautocinsu su sake kunnawa. A Janairun 2024 kuma Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sanar da cewa ta share wata muguwar manhaja daga ɗaruruwan tsofaffin rautocin gidaje da ƙananan ofisoshi waɗanda masana'antunsu suka daina kula da su.

A wannan zamani ne kuma tushen katangar rauta ya fara sauyawa. A ranar 3 ga Fabrairu, 2011, hukumar IANA ta raba rukunin ƙarshe na adireshin IPv4. A tsarin IPv6 kowace na'ura tana iya samun adireshinta na duniya, don haka buƙatar musayar adireshi ta kau, tare da kariyar da ta zo a jikinta. Takardar RFC 6092 ta 2011 ta bayyana yadda rautar gida za ta tace baƙon da ba a gayyata ba da gangan. Wato abin da ya faro a matsayin tsautsayi mai alheri sai da aka mayar da shi ƙuduri. Hukumomi ma sun bi sahu: dokar jihar Kalifoniya da ta fara aiki a Janairun 2020, da ta Birtaniya da ta fara aiki a ranar 29 ga Afrilu, 2024, sun hana sayar da na'urori masu kalmar sirri iri ɗaya ga kowa.

7.0 Inda Tarihin Ya Bi Wata Hanya

Labarin da ya gabata na ƙasashen da layin waya ya riga ya shiga gidaje ne. A yawancin Afirka ta Yamma jama'a sun fara saduwa da intanet ne a shagunan kafe, sannan ta wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, sai kuma ƙaramin modam da ake sokawa a jikin kwamfuta. Mai irin wannan modam ba shi da rauta a gida, amma kamfanonin wayar salula kan yi musayar adireshi a cibiyarsu, ta yadda dubban masu layi ke fita da adireshi kaɗan. Katangar tana nan, sai dai tana hannun kamfani. Cutar da ta fi addabar kwamfutoci a irin wannan yanayi ta filas take tafiya, daga kafe zuwa shagon buga takardu zuwa ofis, hanyar da babu ɗaya daga cikin katangun biyu da ke gadinta. Tsutsar Conficker, wadda ta bayyana a Nuwamban 2008, ta yi amfani da wannan hanya, kuma abin da ya rage kaifin irinta shi ne matakin da Microsoft ta ɗauka na hana filas kunna manhaja da kanta, a Windows 7 a 2009, sannan a tsofaffin tsare-tsare a 2011. A nan ma saitin asali ne aka sauya.

8.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa katangun biyu ba domin su yi takara aka samar da su ba. Ta rauta tana tare baƙon da ba a gayyata ba, tana kare har na'urorin da ba a iya girka musu manhaja, kamar talabijin da kyamara, kuma tana zaune a wajen kwamfutar da ake hari. Ta manhaja tana sanin wanda ke magana daga ciki, tana bin kwamfuta zuwa tafiya, tana kuma kare ta daga sauran na'urorin da ke cikin gida guda. Dukkansu ba sa hana mutum buɗe wasiƙar yaudara ko miƙa kalmar sirrinsa da hannunsa.

A duk matakan da aka bibiya, abin da ya ceci jama'a shi ne kariyar da ta zo a kunne: jadawalin musayar adireshi a ƙarshen shekarun 1990, da katangar Windows a 2004. Abin da ya cutar da su kuwa shi ne saitin da aka bar musu su gyara da kansu: katangar da ta zo a kashe a 2001, da kalmar sirrin masana'anta da Mirai ta ci gajiya a 2016. Tunda a yau kusan kowane gida mai intanet yana da katangun biyu, tambayar da ta rage ga mai gida ita ce yaushe rabon da a sabunta rautarsa, kuma ko wanda ya ƙera ta yana fitar mata da faci har yanzu. Ga masu tsara manufofi a ƙasashen da ke shigo da waɗannan na'urori daga waje, tarihin yana nuni da cewa ƙa'idar da aka gindaya wa masana'anta da mai shigo da kaya ta fi saurin kai wa ga gidaje fiye da nasihar da ake yi wa mai saye bayan ya riga ya biya kuɗinsa.